Me ya sa Space Mountain ke firgita mutane alhali ba shi da wani gudu?

Tambaya: "Na ji an ce jirgin wasan nan na wuraren shaƙatawar Disney, Space Mountain, gudunsa bai wuce kilomita 45 a awa ba. In haka ne, me ke sa mutane ihu kamar ransu zai fita? Yaya aka yi aka ƙirƙiro shi, kuma me mutum ke ji a ciki? Ina so in hau da iyalina amma ina ɗar-ɗar."

Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Na farkon da aka gina, wanda ke wurin shaƙatawa na Magic Kingdom a jihar Fulorida ta Amurka, iyakar gudunsa wajen kilomita 45 ne a awa. Usain Bolt da ƙafafunsa ya kai kusan kilomita 44 a awa a tseren mita 100 da ya yi a Balin a 2009. Gangara mafi tsawo a cikinsa ba ta wuce mita takwas ba, tafiyar gaba ɗaya kuma kamar minti biyu da rabi ce. Aikina duba injunan ɗaukar mutane ne, kuma in aka miƙa min waɗannan alkaluma a takarda ba tare da suna ba, zan ce jirgin yara ne. Amma manya masu gemu suna sauka daga cikinsa gwiwa na rawa. Dalilin shi ne an kashe fitila. Duk tarihin wannan jirgi da duk dabarar da ke cikinsa a kan duhun nan suke tsaye.

Jikin ɗan Adam ba shi da abin auna gudu. Wanda ke cikin jirgin sama yana tafiyar kilomita 900 a awa yana shan shayinsa, ko digo ba ya zuba. Abin da jiki ke ji shi ne canji: an ƙara gudu, an rage, an karkata, an faɗa ƙasa. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke gane juyawar kai, da wasu ƙananan jakunkuna biyu masu ɗauke da 'yan tsakuwoyi da ke gane tafiya gaba ko faɗawa ƙasa. Su ba su san abin da ke zuwa ba, sai abin da ya riga ya faru. Ido ne ke hango gaba. A jirgin da ke fili, ka ga kwana tun kafin ka iso ta, sai wuyanka da cikinka su ɗaure da kansu, ka karkata jiki ba tare da ka yi tunani ba. Kafin kwanar ta zo jiki ya gama shiri, rabin ƙarfinta ya tafi a banza.

Cire ido daga lissafin, sai komai ya zo maka bagatatan. Ka taɓa sauka daga bene cikin duhu, ka ɗauka matakala ta ƙare alhali da sauran guda? Faɗawar ba ta kai taƙi ɗaya ba, amma gabanka ya faɗi kamar ka zurma rijiya. To, haka Space Mountain yake yi maka a kai a kai har minti biyu da rabi. Ga kuma iska mai sanyi tana dukan fuskarka, ga ƙarar tayoyi a kan ƙarfe tana dawowa daga bango, ga ihun wasu da ba ka gani yana wucewa ta samanka ko ta ƙarƙashinka. Ƙwaƙwalwa ta rasa bishiya ko gini da za ta gwada gudu da shi, sai ta tattara waɗannan ta yanke hukunci cewa ana tsala gudu na fitar hankali.

Akwai kuma lissafin kwana. Ƙarfin da ke tura ka gefe a kan kwana ya danganta da gudu da kuma matsin kwanar. Ɗauki misali: abin hawa yana tafiyar kilomita 45 a awa, wato mita 12.5 a daƙiƙa. In ya bi kwana mai faɗi wadda tsakiyarta ke nesa da mita 100, turin da za ka ji bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka ba. In aka matse kwanar ta koma mita 10, da wannan gudun dai, turin ya fi nauyin jikinka sau ɗaya da rabi. Da yake an cusa layin dogo mai tsawon kusan kilomita ɗaya cikin gini guda, dole kwanoninsa su zama matsattsu, wata na bin wata. Ƙarancin fili, wanda a wajen injiniya matsala ce, shi ya zama ƙarfin jirgin.

Sha'awar kai mutane duniyar wata a cikin wasa ta girmi Disney nesa ba kusa ba. A 1901, a wani babban baje koli a birnin Buffalo, Frederic Thompson ya gina wani jirgi mai fukafukai a cikin ɗaki mai duhu. Ana girgiza shi, ana hura iska, ana jan zanen gajimare da birane ta gefensa, sai a sauke fasinjoji a cikin kogunan da aka ce na wata ne. Abin ya karɓu ƙwarai, har ya kai shi Coney Island a New York, inda shi da abokin kasuwancinsa Elmer Dundy suka buɗe Luna Park a 1903. Da Disneyland ya buɗe a Kalifoniya a 1955, shi ma yana da nasa: zagayayyen ɗaki mai allon majigi a ƙasa da kuma a rufi, kujeru suna rawa, ana nuna maka duniya tana ƙanƙancewa. A wannan shekarar ce Walt Disney ya fito da Wernher von Braun, masanin roka, a talabijin yana yi wa Amurkawa bayanin yadda mutum zai je sama. Duk waɗannan, in ka lura, kallo ne. Mutum yana zaune, hoto ne ke tafiya.

Abin da ya sauya lamarin shi ne wani jirgin wasa mai suna Matterhorn, wanda aka buɗe a Disneyland a 1959 tare da kamfanin Arrow. Shi ne jirgin farko da ya yi tafiya a kan dogon ƙarfe mai siffar bututu. Kafin nan yawanci katako ake jerawa a shimfiɗa ƙarfe a kai, shi kuwa katako yana da iyakar lanƙwasa. Bututu ana murɗa shi yadda aka so. Walt, wanda da farko ba ya son irin waɗannan jirage masu tayar da hankali a wurinsa, ya ga yadda jama'a suka yi cincirindo a kansa. A wajen 1964 ya tuntuɓi mai zane John Hench da shawarar a yi irinsa na sararin samaniya. Sunan farko da aka ba shi Space Port, kuma zanen farko yana da layuka huɗu, wasu suna fita waje su dawo. Fili bai isa ba, na'urorin lokacin ba za su iya kula da taragu masu yawa haka ba, Walt kuma ya rasu a Disambar 1966. Aka naɗe takardun aka ajiye.

Bayan an buɗe Magic Kingdom a Oktoban 1971 sai aka ga matasa suna zuwa fiye da yadda aka zata, kuma babu wani abu mai motsa jini da za a ba su. Aka kakkaɓe zanen Hench. Kamfanin kayan lantarki na RCA ya zuba dala miliyan 10, aka ɗauko ɗan sama jannati Gordon Cooper ya ba da shawara, aka buɗe ranar 15 ga Janairu, 1975. James Irwin, wanda ya taka wata a tafiyar Apollo 15, yana cikin waɗanda suka fara hawa. Ka duba lokacin da kyau: shekara biyu da 'yan kai ke nan da mutum na ƙarshe ya baro wata. Mutane sun kalli abin a talabijin, sun ƙoshi da kallo, yanzu jikinsu ke son ɗanɗanawa.

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ne sashen da ba a gani, kuma shi ne amsar ɗar-ɗar ɗinka. Taragun Space Mountain na Fulorida ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwa, daga nan nauyinsu ke kai su har ƙasa. Ba su da direba, ba su da birki a jikinsu. Birkin yana kan layin. Kuma don layin jama'a ya riƙa tafiya, dole a saki tarago bayan tarago da 'yar tazara kaɗan, da yawa suna ciki lokaci guda. A fili, ma'aikaci zai iya ɗaga kai ya ga inda kowanne yake. A cikin duhu fa?

Dabarar ita ce a yanka layin gida-gida. A ƙarshen kowane gida akwai birki da zai iya tsayar da tarago cak, akwai kuma na'urorin da ke sanar da kwamfuta cewa tarago ya shiga ko ya fita. Doka ɗaya ce: tarago biyu ba sa zama gida ɗaya. In na gaba bai fita ba, birkin da ke gaban na baya ba zai buɗe ba. Na bayan ya tsaya, na bayansa shi ma ya tsaya, haka har ƙololuwa. A irin waɗannan jirage ana ƙera birkin ne yadda zamansa na asali a rufe yake, sai an ba shi umarni yake buɗewa, saboda haka in wuta ta ɗauke ko waya ta tsinke, abin da zai faru shi ne tsayawa. Jiragen ƙasa sun daɗe da irin wannan tsari, amma Space Mountain yana cikin jiragen wasa na farko da aka damƙa wa kwamfuta wannan aiki. Shi ya sa abin da ya gagara a 1964 ya yiwu a 1975.

Kwamfutar tana da aiki sosai, domin taragu ba sa tafiya daidai wa daida. Wanda ya ɗauko manya shida masu jiki ya fi wanda ya ɗauko yara riƙe gudunsa. Da safe, kafin man tayoyi ya ɗumama, tafiyar tana da ɗan nauyi, da rana ta fi santsi. Wani lokaci ma ba a cikin duhun matsalar take ba: wani ya yi jinkirin sauka a tasha, taragu suka taru a bayansa, sai tsarin ya tsayar da komai. Mutane suna fitowa suna cewa jirgi ya lalace. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi. Tayoyin kuma kashi uku ne a kowane gefe: na sama da ke ɗauke da nauyi, na gefe da ke hana zamewa, da na ƙasa da ke riƙe dogon ta ciki don kada taragon ya ɗaga. Ƙaf-ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji a irin waɗannan jirage lokacin hawa, wani harshen ƙarfe ne ke bin haƙora, in sarƙa ta saki, shi zai hana komawa baya.

Ginin kansa abin a tsaya a kalla ne. Tsayinsa kusan mita 56, faɗinsa kusan mita 91, fari fat, mai siffar mazurari a kife. Hench ya sa aka fito da ginshiƙan kankare guda 72 ta waje maimakon a ɓoye su ciki. Daga waje suna jan ido zuwa sama, daga ciki kuma rufin ya zama sumul, ya dace da haska taurari. Ban san wani gini na wasa da kyan gani da amfani suka haɗu a shawara ɗaya kamar wannan ba. An gina shi a bayan layin jirgin ƙasan da ya kewaye wurin, don haka mai shiga sai ya gangara ta wani dogon rami a ƙarƙashin dogon. Ramin yana da nasa aiki: kafin ka ƙarasa, idonka ya bar hasken rana, hayaniyar waje ta mutu, kiɗa mai sanyi ya maye gurbinta.

A ciki layi biyu ne, Alpha da Omega, kusan hoton juna, ɗaya ya fi ɗaya da mita uku kacal. Taragon siriri ne, kujera ɗaya bayan ɗaya, mutum uku a kowace roka, roka biyu a haɗe. Kana zama ƙasa-ƙasa, ƙafafu a miƙe ta gefen kujerar gaba, a ja wani ƙarfe ya danne cinyarka. Babu kowa a gefenka, babu hannun da za ka riƙe. Sai a shiga wani rami mai shuɗin haske yana walƙiya, walƙiyar tana ƙara sauri, wani sauti yana hawa tare da ita. A gaskiya taragon a hankali yake tafiya a nan, amma fitilun suna gudu zuwa bayanka, sai jiki ya yarda cewa an harba shi. Daga nan sarƙa ta kama, a hau a hankali, ka wuce kumbo da mutum-mutumin 'yan sama jannati suna aiki a kife. A ƙololuwa sai ƙarar sarƙa ta yanke.

Abin da ya biyo baya, kowa da yadda yake ba da labarinsa, amma akwai abu ɗaya da kusan kowa ke yi: sunkuyar da kai. Idonka yana ɗan tsinkayar inuwar ƙarafa suna wucewa, ba ka san nisansu ba, sai ka tabbatar wa kanka yanzu za su fille maka kai. Kwanonin suna zuwa da fizga, ba su da laushi, domin an lanƙwasa dogon ne da lissafin shekarun 1970. Gangara mafi girma tana zuwa ne bayan ka fara sakin jiki, kuma nan ne ihun ya fi yawa. Daga ƙarshe a ratsa wani jan rami mai juyawa, birki ya kama, ka ji kanka kana dariya ba ka san dalili ba.

Wanda ya taɓa ganin cikin ginin da fitilu a kunne ya san abin da nake faɗa. Akwai wani jirgi mai tafiyar hawainiya, PeopleMover, da ke ratsawa ta ciki, kuma idan an tsayar da Space Mountain don gyara, fasinjojinsa suna ganin komai: tarin ƙarafa masu launin toka a cunkushe, matakalu, hanyoyin ma'aikata, kamar wata masana'anta. Ba kyau, ba ban tsoro. Wasu suna cewa ganin haka ya ɓata musu abin. Ni kuwa ƙara girmama masu zanen na yi, domin a nan ne za ka ga ƙanƙantar abin da suka riƙe a hannu da girman abin da suka fitar daga gare shi.

Na Kalifoniya ya zo ranar 27 ga Mayu, 1977, kwana biyu bayan fim ɗin Star Wars na farko ya fito, kuma shida daga cikin 'yan sama jannatin Amurka na farko, har da John Glenn da Alan Shepard, sun halarci bikin. Fili ya yi kaɗan a can, sai injiniya Bill Watkins ya zana layi ɗaya, kujeru bibbiyu gefe da gefe. An rage ginin zuwa faɗin mita 61, aka kuma nutsar da gindinsa cikin ƙasa don kada ya danne sauran gine-ginen wurin. Ya ɗan fi na Fulorida gudu, ya fi shi santsi, kuma yawancin kwanoninsa dama suke yi. Babban abin da ya bambanta shi ya zo a 1996, da aka sa lasifika a jikin kujeru da kiɗan jitar Dick Dale. An rufe shi a 2003, aka cire dogon gaba ɗaya aka sa sabo a kan tsohon zane, aka sake buɗewa a Yulin 2005, Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, yana wurin, da sabon kiɗan Michael Giacchino.

Kada ka raina kiɗan nan. An auna shi da layin daƙiƙa bayan daƙiƙa: yana kumbura lokacin hawa, ya fashe daidai inda sarƙa ta saki. Ga wanda ya ƙwace maka ido, kunne ne ƙofar da ta rage masa, kuma ta nan yake gaya maka yaushe za ka ji tsoro, yaushe za ka ji daɗi. Shi ya sa na Kalifoniya ya fi kama da tashi, na Fulorida ya fi kama da ɓata a cikin duhu. In ka tambaye ni, na Kalifoniya ya fi daɗi, na Fulorida ya fi gaskiya ga ainihin dabarar.

Na Faransa daban yake, kuma duk abin da na faɗa game da ƙarancin gudu bai shafe shi ba. Wurin shaƙatawar Disney na kusa da Faris ya buɗe a 1992 ya yi ta tafka asara. Mai zane Tim Delaney ya koma ga littafin Jules Verne na 1865, wanda a cikinsa aka harba mutane zuwa wata daga wata ƙatuwar igwa mai suna Columbiad. Abin sha'awa, a Fulorida marubucin ya kafa igwar tasa, jihar da bayan shekara ɗari aka harba Apollo daga cikinta. Aka gina igwar a jikin ginin ta waje, da launin tagulla da jan ƙarfe irin na ƙarni na 19. Taragon yana shiga bakinta ya tsaya a karkace, hayaƙi ya tashi, a harba shi sama zuwa kusan kilomita 70 a awa cikin kamar daƙiƙa biyu. A ciki yana kifar da mutum sau uku. Kamfanin Vekoma na ƙasar Holan ya ƙera dogon, kuma shi ya riga na Kalifoniya samun kiɗa a kujera. An buɗe shi ranar 1 ga Yuni, 1995, kuma a shekarar ce wurin ya fara cin riba.

An sauya masa labari a 2005, sannan a 2017 aka mayar da shi na Star Wars. Wannan ya dame ni har yau. Igwar Verne tana nan a waje, amma a ciki jiragen yaƙi ne ke harbin juna, waje da ciki ba sa magana ɗaya. Kuma matsalar ta wuce ta labari. Duk hoton da aka ƙara haskawa a cikin ginin, haske ne aka ƙara, duk hasken da aka ƙara kuma yana nuna dogo. Da zarar ido ya ga dogo ya koma aikinsa na hango kwana, jiki ya fara shiri. Ana kashe kuɗi a rage ƙarfin abin. Na Hong Kong, wanda ya buɗe a 2005, shi ma an yi masa wannan kwalliyar. Na Tokyo ya fara aiki a 1983, aka rufe shi a ƙarshen Yulin 2024 don a gina sabo fil da aka ce zai buɗe a 2027. Wurin da ke Shanghai ba shi da Space Mountain sam.

Wani zai ce, to haka tafiya sama take? A'a. Ɗan sama jannati lokacin tashi nauyi ne ke danne masa ƙirji na mintuna, ba fizga hagu da dama ba, bayan haka kuma sai rashin nauyi. Wanda ya fi kusa da wannan shi ne Mission: SPACE da aka buɗe a Epcot, wani wurin shaƙatawar Disney a Fulorida, a 2003, inda ake rufe mutum huɗu a ɗan akwati a juya su da majaujawa har su ji nauyinsu ya ninka sau biyu da rabi. Shi ya fi wahalar da jiki nesa ba kusa ba. Bayan rasuwar wani yaro a 2005 da wata mata a 2006, waɗanda bincike ya nuna suna da ciwo tun kafin su hau, an ƙara wani sashe da ba ya juyawa. Na kawo wannan ne don kada ka haɗa su, kuma don ka ɗauki allon gargaɗin da ke bakin ƙofa da gaske.

Game da iyalinka: ana auna tsayi, ba shekaru ba. Fulorida santimita 112, Kalifoniya 102, Faris 120. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, su haƙura. Abin da ke wahalar da irin waɗannan ba tsayin gangara ba ne, fizgar da ke zuwa ba shiri ce da bugun zuciyar da fargaba ke tayarwa. Yaron da ya kai tsayi amma yana tsoron duhu, kada a tilasta masa, musamman a Fulorida inda zai zauna shi kaɗai. In zai hau can, sa shi a kujerar gabanka yadda za ka iya dafa kafaɗarsa. Na Kalifoniya ya fi dacewa da mai farawa, tun da za ku zauna gefe da gefe. Na Faris kuwa ba wurin koyo ba ne.

In ka zauna, jingina bayanka sosai, riƙe ƙarfen, kada ka sandare wuya kuma kada ka sake shi gaba ɗaya. Tabarau, waya da hula a cusa su cikin jaka, mai ɗankwali ko gyale ta ɗaure shi tamau ta cusa bakinsa ciki. Kada a hau da cikakken ciki. Rufe ido ba ya rage komai, yana ma iya ƙara jiri, gara ka kafa ido a gaba. Kujerar gaba ta fi iska da jin kaɗaici, ta baya ta fi fizga. Idan kuma taragon ya tsaya a tsakiyar hanya aka kunna fitilu, kada kowa ya yi ƙoƙarin zare jiki daga ƙarfen. Ma'aikata za su zo ta matakalun gefen layin, ko dai su tura taragon ya ƙarasa tasha, ko su buɗe ƙarfen su fito da ku ɗaya bayan ɗaya.